Filin da aka sauya wa ciyawa sau 11 kafin a ɗinke shi

Sunan wurin Wembley. Duk wanda ya taɓa biyan kuɗin benci a gidan kallo ranar wasan ƙarshe na Kofin FA ya san shi: babban filin ƙasar Ingila da ke arewa maso yammacin Landan, mai ƙaton bakan ƙarfe a samansa. A nan Didier Drogba ya ci Manchester United a 2007, a nan Nwankwo Kanu ya ciyo wa Portsmouth kofi a 2008. Ginin ya lashe kusan fam miliyan 800, yana ɗaukar mutum 90,000, amma a shekaru ukun farko ciyawa ta ƙi zama a cikinsa. Daga Maris 2007 zuwa Mayu 2010 sau 11 ana kwashe ta ana shimfiɗa sabuwa. Wanda ya zo ya tsayar da abin a ƙarshe, kamfani ne da ya soma da saƙa kafet a ƙasar Holan.

2000 zuwa Maris 2007: ginin da bashinsa

An rufe tsohon filin a Oktoban 2000, bayan Jamus ta bi Ingila har gida ta ci ta 1-0 a wasan bankwana. Aka rushe shi tsakanin 2002 da 2003. Kamfanin Multiplex na Ostareliya ya samu kwangilar sabon gini, da niyyar a buga wasan ƙarshe na Kofin FA na 2006 a ciki. Hakan bai yiwu ba, sai da aka sake tafiya Cardiff ta Wales, inda ake buga wasan a lokacin ginin. Kamfanin ya tafka asara, ya kuma sha zaman kotu da waɗanda suka yi masa aikin ƙarfe. Ranar 9 ga Maris 2007 aka miƙa wa hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila, FA, makullai.

Kaso mai tsoka na kuɗin ginin rance ne daga banki, banki kuwa ba ruwansa da lokacin hutun ƙwallo. Filin ba shi da ƙungiyar da ke zaune a cikinsa tana tara kuɗin ƙofa duk mako biyu. Wasannin tawagar ƙasa, da na ƙarshen kofuna, da na neman hawa rukuni ba za su biya bashin su kaɗai ba. Saboda haka tun a takarda aka tsara wurin zai riƙa karɓar mawaƙa, da zari-ruga, da ƙwallon Amurka, har da tseren motoci.

Siffar ginin ma ta bambanta da ta da. Tsohon fili yana da hanyar tseren karnuka kewaye da ciyawa, 'yan kallo na can nesa, rana da iska na shiga yadda suka so. A sabon kuwa an matso da kujeru kusa, an ɗaga su hawa uku, aka yi rufin da zai kare kowa daga ruwan sama. Bakan nan mai tsayin mita 133 da faɗin mita 315 shi ke riƙe da yawancin nauyin rufin. An yi wasu sassan rufin masu zamewa baya don hasken rana ya sauka, to amma ranar Landan ba irin tamu ba ce. A tsakiyar Disamba, ko da tsakar rana, ba ta wuce digiri 15 sama da doron ƙasa, wuni kuma bai cika awa 8 ba. A Kano a wannan lokacin tana haura digiri 50. Rana mai ƙasa-ƙasa haka, bango mai tsawo na tare ta, wani ɓangaren ciyawar ya yi watanni a inuwa.

Sai irin ciyawar. Ƙiri-ƙiri da muka sani tana rarrafe, in aka tuge wani wuri ta miƙo daga gefe ta rufe shi. Wadda ake shukawa a filayen Ingila mai jure sanyi ce, tana fita tsiro-tsiro, ba ta yaɗo. Inda takalmi ya tumɓuke ta, nan zai zauna fayau har sai an sake zuba iri, kuma da sanyi ya yi tsanani takan daina girma.

Mayu zuwa Disamba 2007: alamun farko

Wasan ƙarshe na Kofin FA na 19 ga Mayu 2007 ya yi sanyi, sai a ƙarin lokaci Drogba ya ci ƙwallo ɗaya tilo. An ji masu cewa filin ya yi nauyi, ƙwallo ba ta gudu. Ba a ɗauki maganar da zafi ba, sabon wuri ne.

Daga nan aka shiga lokacin mawaƙa. A Yuni da Yuli aka yi manyan taruka a jere, ciki har da na tunawa da Gimbiya Diana ranar 1 ga Yuli da wani kan sauyin yanayi ranar 7 ga wata. A kowane taro ana rufe ciyawar da faifan roba masu kauri, a kafa dandamali mai nauyin tan-tan a gefe ɗaya, dubban mutane su yi ta tsalle a kai. Ciyawar da aka rufe kwanaki ba haske ba iska, in an buɗe sai a tarar ta yi rawaya, ƙasar kuma ta danne.

Ranar 28 ga Oktoba aka buga wasan gasar ƙwallon Amurka tsakanin New York Giants da Miami Dolphins, cikin ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. A wannan wasa ƙarti masu nauyin fiye da kilo 100 ke turereniya a tsakiyar fili, suna kafa ƙafa suna tunkuɗa. Wurin ya koma taɓo. Kwana 24 bayan haka, ranar 21 ga Nuwamba, Ingila ta karɓi Kuroshiya tana neman canjaras kawai ta samu gurbin gasar Turai ta 2008. Tun kafin wasa kocin baƙi, Slaven Bilić, ya ce filin ba shi da kyau. Ana iya hango ragowar zanen Amurkawa a ƙasa. Aka sake yin ruwa, gola Scott Carson ya saki ƙwallon Niko Kranjčar ta shige, aka tashi 3-2, Ingila ta zauna a gida. Washegari aka sallami koci Steve McClaren.

A Disamba aka malala kwalta a kan filin don tseren motoci na Race of Champions. Aka maimaita a Disamban 2008.

2007 zuwa farkon 2009: kwashe, shimfiɗa, kwashe

Maganin da aka riƙe a duk wannan lokaci guda ne. Idan fili ya lalace sai a kankare samansa, a sayo ciyawar da aka raina a gona mai nisa. Inji ke yanko ta da ƙasarta, kaurin wajen santimita 4, a naɗe ta kamar tabarma, a loda a manyan motoci, a zo a warware layi-layi har a rufe sama da murabba'in mita 7,000. Cikin 'yan kwanaki wuri ya yi kore shar, mai kallo a talabijin ya ce an gama.

Abin da ke ƙarƙashi daban ne. A makonnin farko nauyinta ne kaɗai ke riƙe da ita, domin saiwarta ba ta kai ga shiga ƙasar filin ba. Ƙasar da ta zo da ita daga gona kuma ba iri ɗaya ba ce da yashin da aka zuba a filin. Inda ƙasa biyu mabambanta suka haɗu, ruwa kan yi jinkirin wucewa, ya taru a sama. Saiwa na bin danshi, don haka sai ta tsaya nan sama maimakon ta nutsa. Ɗan wasa ya zo a guje ya kafa ƙusoshin takalminsa zai juya, sai saman ya ɓalle ya bar na ƙasa. In aka bi shi da abin daddannawa don ya kama, ya yi tauri. A yayyafa masa ruwa kafin wasa don ƙwallo ta yi gudu, ya zama santsi a kan tauri.

Kafin sabuwar ciyawa ta kama da gaske tana son makonni na haske da hutu. Kafin makonnin su cika wani taron ya iso, a sake rufe ta ko a tattake ta, a sake kiran motoci. An kawo fitilu masu tayoyi da ake jerawa a kan ciyawa dare da rana a madadin hasken rana, akwai kuma bututan ɗumama ƙasa a ƙarƙashi. Sun taimaka wa ganye ya yi kore, ba su hana saman ɓallewa ba.

Afrilu 2009: an sallami mai kula da fili

Ranar 18 ga Afrilu Chelsea ta ci Arsenal 2-1 a wasan kusa da na ƙarshe na Kofin FA, Arsène Wenger ya fito ya yi kaca-kaca da filin. Washegari Manchester United ta fito da yara da yawa, ta ajiye manya irin su Paul Scholes da Dimitar Berbatov a benci, Alex Ferguson ya ce yanayin ƙasar ne ya sa ya ƙi jefa su tun farko. Aka tashi babu ci, Everton ta wuce a bugun fenariti. Shi ma kocin Everton David Moyes, wanda ya yi nasara, bai yaba filin ba.

Cikin kwanaki kaɗan shugaban masu kula da filin ya rasa aikinsa. Abokan sana'arsa da dama suka ce an dai samu wanda za a ɗora wa laifi. Aka ɗauko ƙwararrun ciyawa daga waje su ja ragamar aikin, aka sauya gonar da ake sayowa da irin ƙasar da ke zuwa da ciyawar. Tsarin kwashewa da shimfiɗawa bai canja ba. An ɗan samu sauƙin ƙorafi a bazarar shekarar, tseren motocin ma ya koma Beijin ta ƙasar Sin.

Fabrairu zuwa Mayu 2010: an gudu ba a tsira ba

Ranar 28 ga Fabrairu, a wasan ƙarshe na Kofin League, Michael Owen ya ci wa United ƙwallo, sannan tsokar bayan cinyarsa ta tsinke kafin hutun rabin lokaci. Bai sake buga wasa a kakar ba, ya kuma ce filin na da hannu a raunin. Bayan wasan Ingila da Masar na 3 ga Maris aka sake shimfiɗa ciyawa, karo na 10.

Wannan sabuwar ce aka buga wasannin kusa da na ƙarshe a kanta ranakun 10 da 11 ga Afrilu. Ba a yi ruwan sama ba, amma 'yan wasa suka yi ta zubewa. A wasan Tottenham da Portsmouth an shiga ƙarin lokaci babu ci. Aka ɗaga ƙwallo cikin da'irar Tottenham, ta faɗo inda mai tsaron baya Michael Dawson yake, abin da yake buƙata kawai ya sa ƙafa ya kore ta. Ƙafar ta tafi ta bar shi, ya faɗi, Frédéric Piquionne ya tsinci ƙwallo shi da gola ya tura raga. Kevin-Prince Boateng ya ƙara ta biyu da fenariti. Portsmouth, wadda ta riga ta faɗi daga gasar Firimiya kuma bashi ya yi mata katutu, ta kai wasan ƙarshe. Kocin Tottenham Harry Redknapp ya ce filin abin kunya ne.

Aka sake kwashewa, karo na 11, don wasan ƙarshe na 15 ga Mayu. Chelsea ta ci 1-0 da bugun tazarar Drogba, ta haɗa kofi biyu a shekarar. Duk da haka kyaftin John Terry ya ce filin ya ɓata wasan, kuma bai ga mafi muni ba a duk kakar. Ƙorafin wanda aka ci ana iya cewa zafin kaye ne. Wannan kuwa daga bakin mai riƙe da kofi ya fito, a daidai lokacin da Ingila ke neman a ba ta baƙuncin Kofin Duniya na 2018, kuma saura shekara guda filin ya karɓi wasan ƙarshe na Gasar Zakarun Turai.

Yuni zuwa Agusta 2010: aka kira masu zare

Kamfanin Desso ya fara ne a 1930 a garin Oss na Holan, sana'arsa kafet na gidaje da ofisoshi, yana kuma da masana'anta a Dendermonde ta Beljiyam. Mai injin da ke soka zare a jikin shimfiɗa bai yi nisa da ciyawar roba ba, kamfanin ya shiga yin ta don filayen wasa. Sai dai ciyawar roba zalla ta riga ta yi baƙin jini a ƙwallon Ingila. Queens Park Rangers ta shimfiɗa ta a 1981, Luton da Oldham da Preston suka bi, ƙwallo na tsalle kamar an jefa a siminti, gwiwoyi na saɓulewa, har aka hana amfani da ita a manyan rukunai. Desso ya ɓullo ta wata hanya: a bar ciyawar Allah, a ƙarfafa ƙasar da take tsaye a kai. Ya sa wa tsarin suna GrassMaster, ya yi masa rajistar mallaka a farkon shekarun 1990.

Ga yadda aikin yake. Ana kwashe tsohuwar ƙasa a zuba yashi wanda ruwa ke ratsawa da sauri. Sai a shigo da inji mai jerin allurai, yana tafiya a hankali daga wannan gefe zuwa wancan, yana soka zaren roba cikin ƙasa, zurfin wajen santimita 20, tazarar santimita 2 tsakanin kowane soki da na kusa da shi. Kan zaren na leƙowa kaɗan sama da ƙasa, ƙasa da tsayin da ake yanke ciyawa. Fili guda na cin soki kusan miliyan 20, amma duka-duka zaren bai wuce kashi 3 cikin 100 na abin da ɗan wasa ke takawa ba. Ciyawar kuwa iri ake shukawa a wurin. Saiwarta na bin zaren tana nannaɗe shi tana nutsawa, har ƙasa da saiwa da zare su zama abu guda. Takalmi na iya yanke ganye, amma ba ya iya ɗaga ɓangaren ƙasa. Ko ciyawar ta mutu a bakin raga, wurin na nan a daidaice, zaren ma kore ne.

A Ingila, Huddersfield Town na cikin na farkon da suka gwada a tsakiyar shekarun 1990, domin filinsu biyu ake rabawa da ƙungiyar zari-ruga, ba ya hutawa rani da damina. Daga nan abin ya riƙa tafiya daga bakin mai kula da fili zuwa kunnen wani. Liverpool ta saka, Arsenal ta buɗe Emirates da shi a 2006, ƙungiyar ƙwallon Amurka ta Green Bay Packers ta saka a garin da ƙanƙara ke rufewa. A 2007 shugabannin Desso da masu zuba jari suka saye kamfanin daga hannun kamfanin Armstrong na Amurka. A Kofin Duniya na 2010 an ɗinke filayen Polokwane da Nelspruit na Afirka ta Kudu, kuma wasan Aljeriya da Sulobeniya na 13 ga Yuni a Polokwane shi ne na farko a tarihin gasar da aka buga a irin wannan ƙasa.

Me ya hana babban filin ƙasa saka shi tun farko? Filin da aka ɗinka ba a naɗe shi a fitar cikin dare a shigo da wani. In ya lalace sai a kankare ganyen, a bar zaren a tsaye, a zuba iri, a jira ya fito. Jiran nan makonni ne, kuma kowane mako da wurin ya zauna a rufe kuɗin haya ne ya wuce. Masu lissafin kuɗi sun fi son abin da za a iya sauyawa tsakanin taron mawaƙa da wasan Asabar.

A bazarar 2010 hukumar ta haƙura. Bayan tarukan mawaƙa na watan Yuni aka rufe wurin, tawagar ƙasa na can Afirka ta Kudu, aka bar masu aiki da fili makonni a jere. Ranar 8 ga Agusta aka buɗe da wasan Community Shield, United ta ci Chelsea 3-1. Owen, wanda ya ji rauni a wurin wata biyar da suka wuce, ya ce an samu gyara sosai.

Satumba 2010 zuwa 2013: gwaji

Ba a rage wa filin kaya ba. An buga zari-ruga a ƙarshen Agusta, Ingila ta ci Bulgeriya 4-0 ranar 3 ga Satumba, mawaƙa suka dawo dare biyu a mako na gaba. Ranar 31 ga Oktoba Amurkawa suka sake zuwa, San Francisco 49ers da Denver Broncos, sannan ranar 17 ga Nuwamba Faransa ta zo ta ci Ingila 2-1. Jerin nan kusan irin na 2007 ne, tazarar ma ta fi gajarta. Washegari jaridu kan kocin Ingila Fabio Capello da 'yan wasansa suka yi ta magana, ba kan ƙasa ba.

Ranar 28 ga Mayu 2011 Barcelona ta ci United 3-1 a wasan ƙarshe na Zakarun Turai. Ƙungiya ce da duk wasanta a ƙasa yake, gajerun fasin da sauri, wadda ƙaramin tudu ko rami ke iya ɓata wa lissafi, ta kuma yi abin da ta ga dama a daren. A 2012 filin ya ɗauki wasannin Olamfik a jere cikin mako biyu, har zuwa na ƙarshe da Meziko ta ci Brazil 2-1. A 2013 hukumar UEFA ta dawo da wasan ƙarshe nan, Bayern Munich ta ci Dortmund 2-1.

A wannan tsakanin wani abu ya faru a Nelspruit da 'yan Najeriya suka gani da idonsu. A Janairun 2013, lokacin Kofin Afirka, ruwa mai yawa da cutar ciyawa sun kashe filin da aka yi Kofin Duniya a kansa shekara biyu da rabi kafin nan. Aka cika shi da yashi. A kansa Super Eagles suka yi 1-1 da Burkina Faso, suka sake yin 1-1 da Zambiya, ƙura na tashi duk inda aka ja ƙafa.

2012 zuwa 2018: kasuwar kamfanin

Bayan aikin Landan manyan filaye suka yi layi. San Siro na Milan, wanda shi ma dogon rufi ya daɗe yana kashe wa ciyawa, ya saka a 2012. Twickenham, hedikwatar zari-rugar Ingila, ta saka a shekarar. Old Trafford da Parc des Princes na Paris suka biyo a 2013, sai filin Sao Paulo da aka buɗe Kofin Duniya na 2014 a cikinsa. A ƙarshen 2014 kamfanin Tarkett na Faransa, mai kamfanin ciyawar roba na FieldTurf, ya saye Desso baki ɗaya.

Rajistar mallaka shekara 20 take yi, da ta ƙare wasu suka shigo da nasu injinan. Kamfanin SIS na Birtaniya ya fito da SISGrass a 2015, kuma shi ya ɗinke filaye 6 cikin 12 na Kofin Duniya na 2018, har da Luzhniki na Mosko inda aka yi wasan ƙarshe.

Oktoba 2018 zuwa yau

Tottenham ta yi haya a filin tun daga 2017 tana jiran a gama nata, ginin kuma ya yi jinkiri. Ranar 22 ga Satumba 2018 Anthony Joshua ya yi dambe da Alexander Povetkin a tsakiyar fili. Ranakun 14, 21 da 28 ga Oktoba aka buga ƙwallon Amurka, Lahadi uku a jere. Ranar Litinin 29 ga wata, kwana ɗaya tak bayan na ukun, Tottenham ta karɓi Manchester City. Tambarin gasar Amurkawa na nan ɓaro-ɓaro a tsakiya, layukansu na ratsa filin, gefe-gefe ya koma ruwan ƙasa. Riyad Mahrez ya ci ƙwallo ɗaya aka tashi. Ganye ya ƙare, amma ƙasar ba ta ɓalle gunduwa-gunduwa irin ta 2007 ba.

A 'yan shekarun nan filin ya koma wani tsari da ya haɗa tsohuwar hanya da sabuwa. A can gona ake shuka ciyawar a cikin shimfiɗar zare, ta yi watanni tana kama shi, sannan a naɗo a kawo, a shimfiɗa cikin 'yan kwanaki. Da haka aka iya yin wasan ƙarshe na Zakarun Turai ranar 1 ga Yuni 2024, mawaƙa su biyo baya, a buga Community Shield ranar 10 ga Agusta, mawaƙiya Taylor Swift ta dawo dare biyar daga 15 ga wata.

Abin da ya yi aiki, da dalili

A ganina kuskuren shekaru ukun farko shi ne an ɗauki lalacewar ciyawa a matsayin cutar, alhali alama ce. Inuwa ta hana ta ƙarfi, kalanda ta hana ta hutu, kalandar kuwa bashi ne ya rubuta ta. Kwashewa da shimfiɗawa ya fi komai dacewa da wannan kalanda, shi ya sa aka manne masa, amma shi da kansa ya zama sabuwar matsala: kusan kowane babban wasa a kan ciyawar da ba ta kama ƙasa ba aka buga shi. Wasannin Afrilun 2010 sun isa shaida. Ba ruwan sama, ba Amurkawa, ciyawa 'yar wata guda, ga mutane na zubewa.

Zaren ya yi aiki ne domin ya ɗauke wa saiwa aikin riƙe ƙasa. Da zarar ƙasa ta daina dogara da lafiyar ganye, ana iya amfani da yashi mai saurin shanye ruwa ba tare da tsoron zai watse ba, kuma mummunan mako ba ya zama mummunar kaka. Sai dai ba zan ba zaren ladan duka ba. Ya zo da sharaɗin da hukumar ta shekara uku tana gudu, wato a rufe ƙofa a bar iri ya fito a inda zai zauna. Inda aka yi wa fili lodin da ya wuce kima, kamar Oktoban 2018, ganye ya tafi duk da zaren. Inda kulawa ta gaza gaban cuta, kamar Nelspruit, sunan Kofin Duniya bai hana a buga wasa a yashi ba.

Shi kuma kamfanin, ba wata sabuwar dabara ya ƙirƙiro don wannan aiki ba. Abin da ya kawo a 2010 ya shekara goma sha a ƙarƙashin ƙafafun 'yan zari-rugar Huddersfield, kuma yana nan a filin Arsenal, tafiyar 'yan kilomitoci a cikin Landan ɗin. Girman da ya samu daga baya ya zo ne don an ga kayansa sun tsaya a wurin da duniya ta kalli gazawar wata hanyar sau 11.

Saura maganar mutumin da aka sallama a Afrilun 2009. Ba shi ya zana rufin ba, ba shi ya ci bashin ba, ba shi ke sa hannu a takardar ba da hayar fili ba. Shekara guda bayan tafiyarsa Dawson ya zame a kan ciyawar da wasu suka zaɓa suka shimfiɗa.